Shokz OpenRun: abin sauraron da ke barin kunne a buɗe ga littafi da kukan tsuntsaye

Duk wanda ya saba fita tattaki a wuri mai itatuwa, kuma yana da sababbin littattafai da bai samu sukunin buɗewa ba, wata rana zai yi tunanin haɗa biyun: ya sauke littafin sauti a waya, ya cusa iyafis a kunne, ya kama hanya. Tunani ne mai kyau, sai dai iyafis yana toshe ainihin abin da aka fito nema. Kukan tsuntsaye, kaɗawar iska a cikin ganye, gudun ruwa a rafi, duk sai su koma can nesa kamar ana jin su daga bayan bango. Abin da ya fi wannan muni, mai keken da ke tahowa ta baya yana ta kaɗa ƙararrawa ba za a ji shi ba sai ya iso gab da mutum. Shokz OpenRun na'urar sauraro ce da aka ƙera don ta raba wannan gardama, domin ba ta shiga cikin kunne, ba ta kuma rufe shi. Ma'auni ɗaya za a ɗora ta a kai a nan: shin tana barin mai tafiya ya ji littafinsa sarai, ya kuma ji dajin da yake ratsawa?

Ga muryar mai karatu a wuri mai shiru, ta yi ƙwarai. Ga kiɗa mai nauyi, ko gefen babban titi, ba ta kai ba, kuma babu wani saiti da zai gyara hakan, domin daga yadda take aiki matsalar ta taso.

Sauti yana isa kunnen ciki ta hanya biyu. Hanyar da kowa ya sani ita ce ta iska: ƙara ta shiga ramin kunne, ta bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa su miƙa girgizar zuwa wani sashe mai siffar katantanwa, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Hanya ta biyu ta ƙashin kai ce, inda girgiza ke bi ta cikin ƙashi ta isa wannan sashen ba tare da ta bi ta ramin kunne ba. Shi ya sa mutum yakan ji muryarsa da aka naɗa ta yi masa siriri, don ya saba jin ta da kaurin da ƙashin kansa ke ƙara mata. OpenRun ta hanya ta biyu take bi. Tana da wasu 'yan kawuna biyu masu girgiza, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, suna zama a kan ƙashin kunci, daf da gaban kunne. Daga kowanne akwai lanƙwasa da ke hawa saman kunne, sai akwati ƙarami a bayan kunne inda batir da maɓallai suke, sannan siririn ƙarfen titaniyom da aka lulluɓe da roba mai laushi ya zagaya ta ƙeya ya haɗe ɓangarorin biyu. Nauyinta duka giram 26 ne. Bayan 'yan mintoci da sawa, yawancin mutane sukan manta tana nan.

Kamfanin a da AfterShokz ake kiransa, ya taƙaita sunan zuwa Shokz a ƙarshen 2021. Ita kuma OpenRun magajiyar wata ce mai suna Aeropex da ta fito a 2019, kusan siffarsu ɗaya, babban abin da aka ƙara shi ne saurin caji.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wurin sawa. Da yawa sukan ɗora kawunan a kan ramin kunne kamar hedifon na gargajiya, sai su ji sauti ya yi ƙarfi, su ɗauka hakan ne daidai. Ba haka ba ne. Kawunan su zauna a gaban kunne, kan ƙashi, ramin kunnen ya kasance a sarari yadda ɗan yatsa zai shiga ba tare da ya taɓa na'urar ba. In sun yi ƙasa sosai suka sauka kan mahaɗar muƙamuƙi, duk lokacin da aka yi magana ko hamma sautin zai riƙa hawa da sauka. In gashi mai yawa ko bakin hula ya shiga tsakaninsu da fata, murya za ta dushe, mutum ya yi ta ƙara sauti a banza. Gyaran ɗaya ne: a janye gashin, a ɗan matsa kawunan sama ko gaba da kaɗan-kaɗan ana sauraro, har a samu inda muryar ta fi fitowa tas. Wurin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, amma da zarar an same shi hannu yakan gane shi da kansa.

Ƙarfen ƙeya ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kuma ba a yi shi don ya manne da kai ba, yakan bar ɗan fili a baya. Wannan filin shi ne tushen ƙorafi mafi yawa. In an sa riga mai tsayin wuya, ko mai hula a baya, ko an goya jaka mai tsawo, da an ɗaga kai don kallon tsuntsu a reshe sai ƙarfen ya tokari rigar, kawunan su zame gaba, maganar mai karatu ta ɓace a tsakiyar jimla. Haka nan ba a iya jingina kai da kujera ko a kwanta rigingine a kan ciyawa da ita. Saboda haka zaɓen girma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Girma biyu ne, na kowa da kowa da kuma Mini, wanda ƙarfensa ya fi gajarta da milimita 21. A ɗauki tef na awo a auna daga bayan kunnen hagu zuwa bayan na dama ta ƙeya. In bai wuce santimita 23.5 ba, Mini ne daidai. Wanda awonsa ya faɗa kusa da iyakar, a ganina Mini ya fi masa, don ƙarancin fili a baya yana nufin ƙarancin karo da kwalar riga. Masu tabarau kuwa, su fara sa na'urar sannan su ɗora tabarau a kai. Mai siririn hannu yana zama lafiya, mai kaurin hannu yakan danne saman kunne bayan kamar awa guda.

Maɓallai uku ne kacal. A kan kai na hagu akwai guda ɗaya: dannawa sau ɗaya ya tsayar ko ya ci gaba, sau biyu ya tsallaka gaba, sau uku ya koma baya, kuma shi ake amsa kira da shi. A ƙarƙashin akwatin dama akwai na ƙara sauti, wanda shi ne kuma na kunnawa da kashewa, da na rage sauti. Haɗa ta da waya karon farko ba wuya: tana kashe, a danne maɓallin ƙara sauti kamar daƙiƙa biyar zuwa bakwai, kada a saki ko an ji ta kunnu, sai fitilar ta fara walƙiya ja da shuɗi. Daga nan a buɗe Bluetooth a waya a zaɓi sunanta. Wanda ya saki maɓallin da wuri zai ga ta kunnu amma wayar ba ta ganin ta, sai ya kashe ya sake. In ana son sanin ragowar caji, a tsayar da abin da ake saurare a taɓa ɗaya daga maɓallan sauti, wata murya za ta faɗa ko batir ya cika, ko yana tsakiya, ko ya yi ƙasa.

Akwai wani tarko ga masu littafin sauti da ya kamata a sani tun kafin a fita. Dannawa sau biyu an yi ta ne don waƙoƙi, wato a wuce zuwa ta gaba. A wasu manhajojin littafi wannan yana tsallake daƙiƙa 30 ne kawai, a wasu kuwa babi guda yake tsallakewa ɗungurungum. Mutum yana tafiya, ya so ya tsayar don ya gaisa da wani, yatsa ya taɓa sau biyu bisa kuskure, sai ya tsinci kansa a babi na gaba, an riga an faɗa masa abin da bai kai ba. A shiga saitin manhajar a gida, a gwada maɓallin, in tana bayar da zaɓi a mayar da shi tsallaken daƙiƙa 15 ko 30. Komawa baya da daƙiƙa 30 shi ne abin da mai tafiya ya fi buƙata, domin hankali yakan bi wani abu da ido ya gani, a dawo a tarar an rasa zaren labari.

Na'urar tana da yanayin sauti biyu, na yau da kullum da kuma mai fito da murya. Ana sauyawa ta danne maɓallan sauti biyun tare na 'yan daƙiƙoƙi yayin da wani abu ke kunne. Ga littafi da shirye-shiryen hira, na biyun za a zaɓa ba tare da wani kokwanto ba. Yana rage kaurin sauti, yana ɗaga tsakiyarsa inda baƙaƙen magana suke, sai kalmomi su rabu da juna sarai. Yana kuma rage wani abu da ke damun sababbin masu amfani, wato cakulkuli a kunci. Sauti mai kauri yana buƙatar girgiza mai ƙarfi, to in mai karatun namiji ne mai babbar murya kuma an ƙure sauti, fatar gaban kunne za ta riƙa yin zir-zir da kowace kalma. Wasu sukan saba, wasu ba sa taɓa sabawa. In cakulkulin ya fara, alama ce sautin ya yi yawa, a rage shi da mataki biyu ko uku.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa tunda ba ta bi ta dodon kunne, ba ta iya lalata ji. Ƙara mai yawa ba dodon kunne ta fi yi wa illa ba, ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin wancan sashe mai siffar katantanwa take kashewa, kuma in sun mutu ba sa dawowa. Ko ta iska girgizar ta zo ko ta ƙashi, can take ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni ga manya: ƙarar da ƙarfinta ya kai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin gida biyu. Haɗarin da ke tattare da buɗaɗɗen kunne shi ne, da an shiga hayaniya sai hannu ya kai ga maɓalli don a rinjayi ƙarar waje, a tara ƙara biyu a kunne ɗaya. In hanyar zuwa wurin shan iskar ta bi ta gefen titi mai manyan motoci, a tsayar da littafin har a wuce. Ko an ƙure sautin ma, rabin maganar ba za a ji ba. Iska mai ƙarfi ita ma haka take yi, musamman in ana fuskantar ta a fili marar itatuwa, domin tana hurawa kai tsaye a ramin kunne. Siririn abin rufe kunne na yadi yakan rage wannan, muddin bai shiga ƙarƙashin kawunan ba.

Amma a sa ta a inda aka yi ta dominsa, a ga bambanci. Hanya ce siririya tsakanin itatuwa, rana ta yi sanyi, ƙafa na taka busasshen ganye yana ƙaras-ƙaras. Muryar mai karatu tana fitowa kamar daga tsakiyar kai, ba daga hagu ko dama ba, a hankali, ba ta danne komai. Kurciya ta yi kuka daga dama, kunne ya san daga dama ne, har ya kimanta nisan. Wani abu ya motsa a cikin ciyawa, kai ya juya kafin a yi tunani. Wannan sanin inda sauti ya fito shi ne abin da iyafis masu shigo da ƙarar waje ta makirufo ba su cika kamawa daidai ba, don su kwaikwayo suke yi, nan kuwa kunnen ne da kansa yake aikinsa. Ga kuma sauƙin da kunne ke samu: ba zafi, ba gumi a ciki, ba wannan dum-dum na takun ƙafa da ake ji a kai in an toshe kunne da roba.

Ba kowane littafi ne ya dace da wannan ba. Wanda ya fi shiga shi ne mai mai karatu ɗaya, labari miƙaƙƙe, mutanen cikinsa ba su yi yawa ba, ko tarihin rayuwa, ko labarin tafiye-tafiye. Littafi mai cike da alƙaluma da jadawali a bar shi sai an zauna. Sababbin littattafai da yawa yanzu ana naɗar su kamar wasan kwaikwayo na rediyo, da 'yan wasa da yawa, da kiɗa, da ƙarar ƙofa da ta mota da haushin kare. A ɗaki suna da daɗi, amma a kan hanya da buɗaɗɗen kunne suna rikitarwa, domin sai kare ya yi haushi a cikin labari mutum ya waiga da sauri, ko kuma, wanda ya fi haɗari, a yi hon na gaske ya ɗauka na labari ne. Kiɗa kuwa ya danganta da irinsa. Murya da kayan tsirkiya suna fitowa da kyau daidai gwargwado. Kiɗan da ƙarfinsa ke ga ganga mai zurfi yakan zo fayau, babu nauyin da aka san shi da shi. Wanda nishaɗinsa na tafiya kiɗa ne fiye da magana, ya duba OpenRun Pro 2 da ta fito a 2024, wadda aka ƙara mata ƙaramar lasifika mai turo sauti mai kauri ta iska, batirinta kuma yana kai awa 12. Sai dai kariyarta daga ruwa da ƙura IP55 ce, ƙasa da ta OpenRun, kuma ga mai littafi zalla ƙarin kaurin ba wani amfani zai yi masa ba.

Batir awa 8 kamfanin ya ce yana yi, cikakken caji kuma awa ɗaya da rabi. Cajin minti 10 yana ba da kusan awa ɗaya da rabi na sauraro, wanda ya isa fita guda in an tuna da ita ana ɗaura takalmi. Ƙure sauti da tsananin sanyi suna rage waɗannan awoyi, kamar kowane batir irin wannan. A lissafa da littafi: masu karatu sukan karanta kalmomi kusan 9,300 a awa, don haka littafi mai kalmomi 90,000 yana cin kusan awa 10. Mai sauraron minti 30 sau huɗu a mako zai gama shi cikin mako biyar, ya yi caji sau biyu kacal. In an ɗaga saurin karatu zuwa 1.2, awa 10 ta koma awa 8 da minti 20. Ban ga hikimar wuce haka a kan hanya ba. Murya mai sauri tana cinye hankali duka, ga shi kuma an fito ne don a sarara, ba don a cika wani adadi ba.

Na'urar ba ta da ma'ajiya a cikinta, dole waya ta kasance a jiki. A sauke littafin tun a gida, don a cikin daji sabis yakan ɗauke. Fayil mai ingancin kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 29 a awa, wato littafin awa 10 bai kai megabait 300 ba. Manhajojin littafi irin su Audible, da Libby ga mai katin laburaren da ke aiki da ita, da LibriVox mai tsofaffin littattafai kyauta, duk suna ba da damar saukewa. In an gama, a sa wayar a yanayin hana damuwa, ko a yanayin jirgi sannan a sake kunna Bluetooth kaɗai. Idan ba haka ba, kowane saƙo da ya shigo zai yi ƙara a cikin ƙashin kai ya katse mai karatu, tafiyar hutu ta koma ofis mai ƙafa.

Yankewar sauti ita ce matsalar da aka fi ɗora wa na'urar alhali sau da yawa ba laifinta ba ne. Bluetooth 5.1 take amfani da shi, nisan da aka ƙayyade mita 10. Amma siginar tana tafiya ne a kan zangon da ruwa ke shanyewa, jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne. A cikin ɗaki siginar takan bugi bango ta dawo ta kewaye jiki. A fili babu bangon, to in wayar tana aljihun baya na wando, ko can ƙasan jaka kusa da gorar ruwa, sai magana ta riƙa tsinkewa duk lokacin da aka juya kai. A mayar da wayar aljihun gaba ko na ƙirji. In kuma littafin yana tsayawa da kansa bayan 'yan mintoci da kashe fuskar waya, wannan aikin tsarin tattalin batir ne na wayoyin Android, wanda ke kashe manhajar da ke aiki a ɓoye. A shiga saitin batir a cire manhajar littafin daga cikin waɗanda ake takurawa. Na'urar tana iya haɗuwa da abu biyu lokaci guda, misali waya da kwamfuta, amma wannan yakan jawo sauti ya ƙi fitowa daga wayar in kwamfutar tana kusa a kunne. Wanda ba ya buƙatarsa kada ya kunna shi. In abubuwa sun cakuɗe gaba ɗaya, a shiga yanayin haɗawa, a danne maɓallan uku tare na daƙiƙa uku zuwa biyar, a kashe, a goge sunanta daga waya, a sake haɗawa daga farko.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani: sauti yana ɗan fita waje. A daji ba wanda zai ji. A ɗakin karatu ko mota mai shiru, na kusa zai ji 'yar zuzuniya in an ɗaga sauti. Kiran waya yana fita da kyau a wuri marar iska, a cikin iska kuwa wanda ake magana da shi zai sha wahala.

To, sai tambayar da ta fi kowacce nauyi, wadda takardar cikin kwali ba za ta amsa ba: shin tafiya da littafi a kunne tana ba da hutun da tafiya shiru ke bayarwa? Binciken da aka fi ambata a kan wannan fanni ya cancanci a karanta shi da kyau. A 2019, masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun duba bayanan mutum kusan 20,000, suka ga waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa da filaye da bakin ruwa sun fi ba da rahoton lafiya da kwanciyar hankali, kuma ba bambanci ko a fita ɗaya aka yi mintocin ko an rarraba su. A shekarar dai, wani bincike na Jami'ar Michigan ta Amurka ya bi mutum 36 na tsawon mako takwas, ana auna sinadarin damuwa na kotizol a yawunsu, aka ga saukarsa ta fi sauri tsakanin minti 20 zuwa 30 na zama ko tafiya a irin waɗannan wurare. Sai dai sharaɗin da aka gindaya musu shi ne ba karatu, ba hira, ba kiran waya, ba intanet. Wato amfanin da aka auna, an auna shi ne a kan kunne da hankali da ba a ba su wani aiki ba. A 2022 kuma, wani bincike na King's College da ke Landan, mai mutum 1,292, ya danganta gani ko jin tsuntsaye da ingantuwar yanayin zuciya da kan ɗauki awoyi.

Na'urar tana barin kukan tsuntsu ya shiga kunne, wannan gaskiya ne. Amma shiga kunne daban, isa ga hankali daban, kuma taura biyu ba ta taunuwa. In labari ya kai inda ya kama zuciya, mutum zai yi tafiyar kilomita guda bai san bishiya nawa ya wuce ba. Saboda haka shawarar da ta fi dacewa ita ce a raba tafiyar. A fita ta awa ɗaya, minti 20 na farko a bar na'urar a kai amma kada a kunna littafin, a bar numfashi ya daidaita, ido ya huta daga kallon kusa, tunanin aiki ya lafa da kansa. Sannan a kunna littafin na minti 30, a sa ma'aunin lokaci na manhajar ya tsayar da shi, ko a ƙarshen babi. Minti 10 na ƙarshe a koma shiru, a nan ne abin da aka ji yake zama a kai. Fita biyu irin wannan a mako sun cika minti 120 ɗin. Kuma a nan ne OpenRun ta fi iyafis nesa ba kusa ba: in an tsayar da ita, ba sai an cire komai ba, ba sai an nemi akwatin ajiya a aljihu ba, kunne dama a buɗe yake. Dannawa ɗaya ce tsakanin littafi da daji, kuma saboda sauƙin hakan, mutum yakan tsayar da gaske in ya ji wani kuka da bai sani ba.

Game da ruwa da ƙura, lambarta IP67. Shida na nufin ƙura ba ta shiga sam, bakwai na nufin ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30 a gwaji. Gumi da ruwan sama ba za su yi mata komai ba. Ba a yi ta don iyo ba, kuma ko an shiga da ita, Bluetooth ba ya ratsa ruwa. Zubin farko yana caji ne da wata wayar caji ta musamman mai maganaɗisu da ke mannewa a akwatin dama. Ita ce raunin na'urar a wajen tafiye-tafiye, domin in ta ɓata ba za a ari ta wani ba, sai an nemo irinta. Daga baya an fitar da zubi mai ramin USB-C, kuma in duka biyun suna gaban mai saye, wannan ya fi sauƙin zama da shi. Batirin a rufe yake, ba a canza shi, don haka kada a bar ta a mota cikin rana ko a ajiye ta wata da watanni babu caji ko kaɗan.

Gumi yana da gishiri, gishiri kuma yana cin 'yan ƙarafan da caji ke bi. Bayan kowace fita a goge kawunan da wurin cajin da busasshen ƙyalle mai laushi, a bar ta ta sha iska kafin a jona. In an jona da sauran laima, na'urar tana ganewa: fitila za ta yi walƙiya ja da shuɗi, ta yi ƙara. A cire, a shanya ta a inuwa, kada a kusantar da ita ga wuta ko abin busar da gashi. In cajin ya fara ƙin kamawa sai an murza wayar cajin, a duba wurin mannewar da kyau a haske, galibi datti ne ko ɗan kore-kore na tsatsa ya taru. Auduga a tsinke da ɗigon sifirit tana fitar da shi, a bari ya bushe sarai sannan a sake gwadawa. Fitila ja na nufin tana shan caji, in ta koma shuɗiya ta cika, a zare.